Ramin Hawk's Nest: Yadda Ƙurar Dutse Ta Cinye Ɗaruruwan Leburori Kafin Doka Ta Farka

A shekarar 1972 hukumomin jihar Virginia ta Yamma, a ƙasar Amurka, suka tashi faɗaɗa babbar hanya mai lamba 19 a kusa da garin Summersville. Sabon titin zai ratsa wata tsohuwar gona, a gonar kuwa akwai kaburbura jere, ba suna, ba wata alama ta kirki. Aka tone su, aka kwashe abin da ya rage na ƙasusuwa aka zuba a ƙananan akwatuna, aka kai wani fili da ke gefen hanya aka sake rufewa. Can ɗin ma ba a rubuta sunan kowa ba. Ciyawa ta rufe wurin, mutane suka mai da shi juji, har sai da wasu 'yan garin suka tashi tsaye suka share shi, aka buɗe shi a matsayin maƙabartar tunawa a 2012.

Mutanen da ke kwance a wurin leburori ne baƙar fata da suka zo ci-rani daga kudancin Amurka a 1930 da 1931 don haƙa wani rami a cikin dutse. Ramin bai rufta da su ba, nakiya kuma ba ta tashi da su ba. Ƙura ce ta kashe su, kuma masana tarihin ƙwadago da yawa suna ɗaukar abin da ya same su a matsayin masifa mafi muni da ta taɓa aukuwa a wurin aiki a ƙasar.

Mai aikin shi ne kamfanin Union Carbide, wanda daga baya duniya ta ƙara jin sunansa a 1984, lokacin da iska mai guba ta tsiyaye daga masana'antarsa a Bhopal ta Indiya. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin yana son wutar lantarki mai yawa kuma mai araha saboda masana'antar narka ƙarfe da yake ginawa a wani wuri da ake kira Alloy. Kogin New yana gangarowa da ƙarfi a yankin, yana yi wa dutsen Gauley zobe. Injiniyoyi suka ga cewa idan aka datse kogin a Hawk's Nest, aka huda dutsen aka bi da ruwan ta cikinsa na tsawon kusan kilomita 5, zai faɗo ƙasa da kimanin mita 50, ƙarfin da zai juya manyan injinan lantarki. Aka kafa wani ƙaramin kamfani mai suna New Kanawha Power don ya riƙe lasisi, aka ba kamfanin Rinehart and Dennis na Charlottesville kwangilar haƙar a watan Maris na 1930, da wa'adin shekara biyu. Ɗan kwangilar bai ma kai ƙarshen wa'adin ba. Wajen wata 18 ya ɗauka ya huda dutsen daga wannan baki zuwa wancan.

Jihar Virginia ta Yamma jihar kwal ce, tana da dokokin haƙar ma'adinai da ma'aikatar da ke sa ido a kansu: yadda za a shigar da iska cikin rami, tsawon lokacin da za a jira bayan tashin nakiya, da sauransu. Amma a takarda ramin Hawk's Nest ba mahaƙa ba ce, aikin gini ne, shi kuwa aikin gini a wancan zamani kusan ba dokar da ta tsaya masa. Alhali dutsen da ake hudawa a wasu sassan kusan zallar silika ne, sama da kashi 90 cikin ɗari, silika kuwa ita ce abin da masana'antar Alloy take buƙata don haɗa ƙarfenta. Aka ƙara faɗin wani ɓangare na ramin daga ƙafa 31 zuwa 46, ana loda dutsen da aka fasa a jirgin ƙasa ana kai wa masana'anta. Ke nan haƙar ma'adini ake yi da rana tsaka, amma da rigar aikin gini, kuma wannan rigar ce ta raba dubban mutane da ɗan abin kariyar da doka ta riga ta tanada wa masu haƙar kwal da ke maƙwabtaka da su.

Samun ma'aikata bai yi wuya ba. Kasuwar hannun jari ta New York ta karye a watan Oktoba na 1929, masana'antu suna rufewa, auduga ta faɗi warwas a jihohin kudu. Da labari ya bazu cewa ana ɗaukar leburori a kusa da garin Gauley Bridge, sai mutane suka yi ta kwararowa daga Georgia da Alabama da jihohin Carolina biyu, wasu a maƙale a taragon kaya. Kimanin mutum 3,000 ne suka yi aiki a cikin ramin kansa, kashi uku cikin huɗu baƙar fata. Lada ya yi ta sauka har ya kai santi 25 a awa, ana yin awa goma ko fiye a rana, kwana shida a mako. Daga cikin wannan ɗin ma ana zare kuɗin ɗaki da na gawayin ɗumi da na likita. An raba sansani biyu bisa launin fata. Farar fata mutum huɗu a ɗaki, baƙar fata kuwa akan cusa goma ko fiye a irin wannan ɗakin. Akwai wani da kamfani ya ajiye musamman, riƙe da makami, aikinsa shi ne ya bi ɗakuna da sassafe ya fatattako duk wanda ya kwanta. Wanda ya kasa tashi kuwa sai ya tattara nasa ya nasa ya bar sansani, domin a bakin ƙofa akwai wasu suna jiran gurbinsa. An gudu daga yunwa ba a tsira ba.

Waɗanda suka rayu sun ba da labarin cikin ramin a gaban kotu da gaban majalisa, kuma bakinsu ya zo ɗaya. A ƙarshen ramin, inda ake cin dutse, injinan huda da yawa ne suke aiki a lokaci guda. An ƙera su da hanyar ruwa, yadda ruwa zai bi ta cikin ƙarfen ya jiƙa dutsen, ƙura ta zama taɓo tun ba ta tashi ba. Sai dai huda da ruwa tana rage sauri, saboda haka akasari a bushe ake yi. Leburori sun shaida cewa akan sa wani ya tsaya gadi, da ya hango baƙi masu duba aiki sai ya ba da labari a kunna ruwa, suna juya baya a kashe. Bayan an tayar da nakiya, maimakon a jira ƙura ta kwanta, sai a kora mutane ciki nan take su fara kwasa. Bututun da ke kawo iska na tamfol ne, siriri, duwatsu sun huhhuda shi. Ƙananan jiragen da ke jan dutse waje suna ƙona fetur, hayaƙinsu yana sumar da mutane. Ƙurar takan yi kauri har mutum ba ya ganin wanda ke 'yan taku kaɗan a gabansa, ruwan sha a bokiti yakan yi fari fat. Idan an tashi aiki, mutane sukan fito kamar waɗanda suka kwana a ɗakin injin niƙa, ba ka bambance baƙi da fari, suna tafiya ƙura tana zuba daga tufafinsu. Shaidu sun kuma faɗa cewa injiniyoyin kamfani, idan za su shiga ramin na ɗan lokaci, sukan sa abin rufe hanci da baki mai tace iska. Ba a raba wa leburan da ke wuni a ciki ba.

Ba ƙurar da ido ke gani ba ce ta fi illa. Manyan ƙwayoyi hanci da maƙogwaro sukan tare su, a yi kaki a tofar. Masu kisan su ne waɗanda suka fi ƙwayar yashi ƙanƙanta sau ɗari ko fiye, waɗanda ke wucewa har ƙuryar huhu inda iska ke shiga jini. A can, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan haɗiye su da nufin narkar da su, amma silika ba ta narkewa. Ƙwayar garkuwar ta mutu, wata ta zo ta haɗiye, ita ma ta mutu, wurin ya kumbura ya warke da tabo. Tabo kan tabo, har huhun da ya kamata ya yi laushi ya sandare. Wannan ita ce cutar silikosis. A bisa al'ada takan ɗauki shekara goma zuwa ashirin kafin ta bayyana, shi ya sa aka san ta da cutar tsofaffin mahaƙa. Amma idan ƙurar ta yi yawa ainun, kuma sabuwar fasa ce, huhu yakan cika da wani ruwa mai kauri cikin 'yan watanni. Irin wannan ce ta auka wa mutanen Hawk's Nest. Saurayi ƙaƙƙarfa sai ya fara haki, ya rame, ya kasa hawa ɗan tudu, ya kasa kwanciya rigingine saboda numfashi. Har yau ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin tibi ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan tarihi shi ne, ba jahilci ba ne ya kashe su. Tun a 1556 Georgius Agricola ya rubuta yadda ƙura ke cin huhun masu haƙar ma'adinai a Turai, Bernardino Ramazzini na Italiya ya bayyana ciwon masu sassaƙa dutse a 1700. Injin huda mai ruwa an ƙirƙiro shi a Amurka ɗin kanta tun ƙarshen ƙarni na 19. Hukumomin gwamnatin Amurka sun binciki cutar a mahaƙun Joplin na jihar Missouri a 1914 da 1915, suka ba da shawarar ruwa da wadatacciyar iska. Afirka ta Kudu ta fara biyan diyyar cutar ga masu haƙar zinariya tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ko da yake abin da baƙin mahaƙi ke samu bai kama ƙafar na Bature ba, Birtaniya kuma ta yi tata dokar a 1918. A watan Agusta na 1930, daidai lokacin da injuna ke ruri a cikin dutsen Gauley, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana gudanar da babban taron farko na ƙasa da ƙasa kan silikosis a Johannesburg. Kamfanin da ke da ɗakunan bincike da ƙwararrun masana sinadarai, wanda ya auna dutsen har ya san darajarsa a kasuwa, ba zai ce bai san abin da ƙurarsa ke yi wa huhu ba.

Da mutane suka fara zubewa, likitocin kamfani ba su ambaci ƙura ba. Wani a ce namoniya ce, wani a ce tibi, ga kuma wani suna da aka ƙirƙiro wanda ba ya cikin kowane littafin likitanci, wai ciwon rami. Ƙwaya iri ɗaya ake ba kowa, 'yar baƙa, ko me ya kawo shi. A gari kuma aka yi ta yaɗa cewa baƙin nan ne ba su iya zama cikin sanyi ba, ga shan giya ga caca. Da yawa daga cikin marasa lafiya sun hau jirgi sun koma garuruwansu sun mutu a can, ba wanda ya haɗa mutuwarsu da wani rami da ke nisan ɗaruruwan kilomita. Waɗanda suka mutu a sansani kuwa, maƙabartun farar fata ba sa karɓar su. Sai aka yi yarjejeniya da wani mai sana'ar binne gawa a Summersville, Hadley White, ana biyan sa a kan kowace gawa, yana kai su gonar mahaifiyarsa. An shaida wa majalisa cewa mutum 169 aka binne ta wannan hanya, sau da yawa cikin 'yan sa'o'i da mutuwa, ba a duba gawa ba, ba a jira dangi ba.

Wadda ta fara tsaga wannan shirun wata uwa ce, Emma Jones, daga ƙauyen Gamoca. 'Ya'yanta uku sun shiga ramin tare da mahaifinsu: Cecil mai shekara 23, Owen mai 21, da autansu Shirley mai 17. Ita ce ke wanke kayansu, ta lura da farar laka da ke kwantawa a gindin baho, ta kuma ga yadda yaran ke haki. Ta bi hanya tana roƙon kuɗin da za a ɗauki hoton ƙirjinsu. Shirley, da ya ga alamar ba zai tashi ba, ya roƙe ta cewa idan ya mutu a buɗe ƙirjinsa a duba ko ƙurar ce ta kashe shi, kuma ta nemi diyya saboda ba su da wani abin dogaro. Wani likitan garin Gauley Bridge, Dokta Harless, ya yarda ya bi maganar, aka buɗe aka ga huhun ya cika da tabon silika. Cikin wata 13 ta binne duka ukun. Iyalin Jones farar fata ne, 'yan ƙasa, masu dangi da maƙwabta, shi ya sa kukansu ya isa kunnen lauyoyi. Ɗaruruwan iyaye mata a Georgia da Alabama ba su ma sami gawar da za su ce a duba ba.

Aka shigar da ƙararraki sama da 500. Babbar shari'ar farko, a 1933, ta ƙare ba hukunci, domin masu taya alƙali yanke hukunci sun kasa haɗa baki. A wannan shari'ar ne Robert Lambie, shugaban ma'aikatar ma'adinai ta jihar, wanda a 1931 ya leƙa ramin ya rubuta gargaɗi a kan ƙura da rashin iska, ya tsaya ya ba da shaida cewa iskar ramin lafiya lau take. Ba a jima ba ya koma ba kamfanoni shawara. Daga nan aka sasanta a wajen kotu a kan dala 130,000, rabi ya tafi aljihun lauyoyi, daga baya kuma ta fito fili cewa ɗan kwangilar ya ba wasu daga cikin lauyoyin leburorin ƙarin dala 20,000 a asirce don su daina kawo sababbin ƙararraki. Ma'aunin da aka tsara na rabon diyyar ya isa ya nuna yadda ake kallon ran mutum a wurin: baƙar fata marar aure dala 400, mai aure 600; farar fata marar aure 800, mai aure 1,000. Mutane da yawa ko wannan ɗin ba su samu cikakke ba. Wasu ɗaruruwa kuma kotun ƙolin jihar ta rufe musu ƙofa da hujjar cewa wa'adin shekara guda na kai ƙara ya wuce.

A 1935 jihar ta yi dokar biyan diyyar silikosis. Mai karanta kanun labari zai ce an ci nasara, amma sharuɗɗan da ke cikinta sun ce sai mutum ya yi shekara biyu yana shaƙar ƙurar a wurin aikin, kuma ya kawo kukansa cikin shekara guda da barinsa. Haƙar ramin gaba ɗaya ba ta kai shekara biyu ba, kuma kashi 80 cikin ɗari na leburorin ba su yi wata shida ba. Wanda cutar ke ɗaukar shekara goma kafin ta bayyana a jikinsa shi ma ya fita daga lissafi. Amfanin dokar na zahiri shi ne ta ɗauke maganar daga gaban kotu, inda kamfanoni ke tsoron hukunci mai tsada, ta mai da ita hannun wata hukuma mai ƙayyadadden farashi.

Labarin bai zama na ƙasa baki ɗaya ba sai a farkon 1936, lokacin da ɗan majalisar wakilai Vito Marcantonio na New York ya matsa aka kafa ƙaramin kwamiti ƙarƙashin Glenn Griswold don jin bahasi. Philippa Allen, wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a da ta bi ƙauyukan yankin gida gida tana rubuta sunayen matattu, ta ba da shaida. Leburori irin su George Robison suka zo Washington da ragowar numfashinsu suka faɗi abin da suka gani. Shugabannin kamfanonin biyu ba su zo ba, majalisa kuma ta ƙi ba kwamitin ikon tilasta musu. Kwamitin ya kammala da cewa an yi aikin cikin mummunan halin ko-in-kula da rayuka da lafiyar ma'aikata, ya ƙiyasta mutum 476 sun mutu. Ba wanda aka gurfanar da laifin kisa, ba wanda ya kwana a kurkuku.

Adadin da aka amsa daga ɓangaren kamfani shi ne 109. Sai bayan shekara hamsin, a 1986, wani likita mai nazarin yaɗuwar cututtuka, Martin Cherniack, ya zauna da takardun albashi da rajistar mutuwa ta gundumomin yankin ya yi lissafi. Ya gano cewa cikin mutum 1,213 da suka yi aƙalla wata biyu a ƙarƙashin dutsen, kimanin 764 sun mutu cikin shekara biyar, ya kuma ce wannan mafi ƙarancin ƙiyasi ne. Wato kusan mutum biyu cikin kowane uku.

Na ɗan lokaci kamar za a yi abin kirki. Sakatariyar ƙwadago Frances Perkins ta kira babban taro kan silikosis a 1936, ma'aikatarta ta fitar da fim na wayar da kai a 1938. Mawaƙi Josh White ya yi waƙa a kan cutar, marubuciya Muriel Rukeyser ta je Gauley Bridge ta rubuta doguwar waƙa da ta gina a kan shaidun da aka bayar. Amma masu masana'antu su ma ba su yi barci ba. Suka kafa gidauniyarsu ta binciken tsabtar iska a Pittsburgh, suka ɗauki nauyin ƙwararru, suka yi ta nanata cewa abin da ya faru a Hawk's Nest tsautsayi ne da ba zai sake faruwa ba, kuma kowane kamfani zai iya gyara gidansa ba sai gwamnatin tarayya ta sa baki ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ya shafe maganar. Aka bar kowace jiha da tata dokar, wata mai haƙora, wata ba ko dasashi.

Sai a 1969 majalisar Amurka ta yi dokar kare lafiyar ma'aikatan gine-ginen da gwamnatin tarayya ke biyan kuɗinsu. A ranar 29 ga Disamba 1970 shugaba Richard Nixon ya sa hannu a babbar dokar lafiya da kariya a wurin aiki, wadda ta haifi hukumar OSHA mai kafa ƙa'ida da cin tara, da cibiyar NIOSH mai bincike. Muhimmin abin da dokar ta kawo shi ne ta ɗora wa mai aiki nauyin samar da wurin da ba shi da haɗarin da aka sani, ko da me ya kira aikin nasa. Duk da haka tsugune ba ta ƙare wa magina ba. Iyakar ƙurar silika da aka yarda da ita a wurin gini ta kai kimanin maikirogiram 250 a kowace kubik mita ta iska, fiye da ninki biyu na abin da aka yarda a sauran masana'antu. A 1974 NIOSH ta ce a mai da ita 50. Aka yi ta ja-in-ja, gwamnati ta zo ta wuce, ƙungiyoyin 'yan kwangila suna kukan tsada, har shekara 42. A tsakani, a 1997, hukumar binciken cutar daji ta duniya ta tabbatar da cewa ƙurar silika tana jawo sankarar huhu. A watan Maris na 2016 OSHA ta kafa iyakar 50 ɗin, ta fara aiki a wuraren gini a Satumba 2017, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta yi watsi da ƙorafin masu masana'antu a Disamba na wannan shekarar. Hukumar ta ce ma'aikata miliyan 2.3 ne ke shaƙar wannan ƙura a Amurka, kimanin miliyan 2 daga cikinsu a aikin gini, kuma sabuwar ƙa'idar za ta ceci rai sama da 600 kowace shekara.

Wanda ya karanta ƙa'idar zai sha mamakin sauƙinta. Akwai jadawalin ayyuka 18, daga yankan bulo da kankare zuwa huda dutse da fasa titi, kowanne da abin da za a yi masa, kuma kusan duka amsar ɗaya ce daga cikin biyu: a haɗa injin da ruwa, ko a haɗa shi da na'urar zuƙe ƙura. An hana sharar bushe inda za a iya yayyafa ruwa. Dole a ajiye wani da sunansa wanda alhakin lura da tsarin ke wuyansa. Wanda aikinsa ke sa shi ɗaura abin tace iska kwana 30 ko fiye a shekara, mai aiki zai biya a duba ƙirjinsa duk shekara uku. Abin rufe hanci shi ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba, domin hikimar ita ce a kashe ƙura a inda take tashi. Ostireliya ma ta wuce nan: da ta ga samari masu yankan dutsen roba na teburin kicin, wanda silikarsa kan haura kashi 90, suna kamuwa da cutar cikin 'yan shekaru, sai ta haramta kayan ɗungurungum daga 1 ga Yuli 2024.

Dutsen Gauley yana da nisa da mu, amma ƙurarsa tana nan a unguwanninmu. Silika tana cikin yashi da tsakuwa da kankare da tayil da dutsen da ake fasawa a kwari. Duk wanda ya bi ta inda ake sabon gini a Kano ko Abuja ko Maraɗi ya ga mai sa tayil a durƙushe, injin yanka a hannu, farin hayaƙi ya lulluɓe shi, gashin idonsa da gemunsa sun yi furfurar da ba ta shekaru ba. In ya yi ƙoƙari ya ɗaura hankici ko takunkumin asibiti, waɗanda ba sa tare ƙananan ƙwayoyin da ke kisa. A Najeriya akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta amince da cututtukan da aiki ke jawowa, ba raunin haɗari kaɗai ba, ta kuma wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na albashi a asusun NSITF. Amma leburan da aka ɗauka a bakin titi da safe aka sallame shi da yamma, sunansa ba ya cikin littafin kowa. Idan haki ya kama shi bayan shekara takwas, yana ƙauyensu, ba shi da takardar da za ta nuna inda ya shaƙi abin.

An kuma gwada maganin a Najeriya an ga aikinsa. Bayan gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF da abokan aikinta sun haɗa kai da masu niƙa dutse aka sa wa injuna bututun feshin ruwa. Da aka auna iskar da ma'aikata ke shaƙa, ƙurar silika ta ragu da kimanin kashi 80 cikin ɗari, ta dalma kuma fiye da haka. Kayan aikin tanki ne da famfo da tiyo, duk ana samun su a kasuwa. Mai gini da ya iya biyan tankar ruwan kwaɓa siminti zai iya ja wa mai yankan tayil tiyo guda, kuma hukumomin da ke ba da izinin gini suna da ikon sa wannan cikin sharuɗɗansu. A asibiti kuma, idan magidanci ya zo da tarin da ya ƙi jin maganin tibi, yana da kyau ma'aikacin lafiya ya tambaye shi sana'arsa, da shekarun da ya yi yana yinta, ya rubuta amsar a katinsa kafin ya tura shi hoton ƙirji.